Murfi Biyu na Maganin Shanu

Shekara shida karen nan ya yi a gidana, a bayan Fassi, ban taɓa ɗora hannuna a kansa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ni ne nake jan salla a ɗan masallacin unguwarmu in liman ya yi tafiya, mutane kuma suna ce mini Malam, shi ya sa nake kaffa-kaffa da rigata. Tuwo da ƙashi dai ba ya rasawa, ina jefa masa daga nesa. Shi kuma ya riƙe mini awaki. Tun da ya girma ɓarawo bai sake tsallako mana danga ba, alhali kafin zuwansa an yi mana ɗauki ɗai-ɗai har sau uku.

Daminar da nake magana, kaska ta yi masa rubdugu. Cikin kunnuwansa, tsakanin yatsunsa, ƙarƙashin wuya, duk sun cika sun yi ɓul-ɓul kamar wake ya sha ruwa. Ga ƙuma kuma. Yini yake yana susa har fatar ta fara tsagewa. Ya rame, haushinsa ma ya koma na dole.

Ana cikin haka likitan dabbobi ya zo daga Rano yi wa shanun maƙwabcina allura. Maƙwabcin nan dattijon Bafulatani ne, Baffa muke ce masa, gonarsa na jikin tawa. Likitan ya hango karen kwance a gindin darbejiya, ya tsuguna ya ɗaga masa leɓe, abin da ni ban taɓa yi ba.

"Malam, jininsa suke shanyewa, dubi dasashinsa ya yi fari," in ji shi. "Kawo mini shi Rano in auna nauyinsa. Akwai ƙwayar da ake ba kare, akwai na ɗigawa a ƙeya, kowanne daidai nauyi. Akwai ma tsutsar da sauro ke sa musu a zuciya, ita ma ana rigakafinta, amma sai na duba shi. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka yi masa awo da ido."

Na ce to, insha Allah. A raina kuwa dariya nake. Ni in ɗauki kare a kan babur, in ratsa Kibiya da shi, in bi ta gaban masu shayi da 'yan acaɓa? Wannan labari ai sai ya riga ni dawowa gida. Na san bakin mutanenmu, suna ɗaya za su laƙaba mini, jikokina ma su gada. Sai na yi kunnen uwar shegu da maganar.

Bayan kwana huɗu na je wurin Baffa na roƙi ragowar maganin da yake wanke shanunsa da shi. Ya miƙo mini kwalbar yana gargaɗina.

"Malam, wannan fa na manya ne. Ni nawa karnukan ban cika sa musu ba. In dole ne, ɗigo kaɗan a cikin bokiti cike, kuma ka ɗaure masa baki kar ya lasa."

Na ce, "Haba Baffa, yau na fara kiwo?"

Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, ni kuwa ranar na naɗa shi da kyau. Da na dubi yawan kaskar nan sai na ga ɗigo wasa ne. Na zuba murfi ɗaya a rabin bokiti, ruwan ya yi fari, na ƙara na biyu don kar in sake yin aikin. Bakin ma ban ɗaure ba, don ɗaurewa sai an riƙe kai, ni kuma ba na son yawunsa ya taɓa ni.

Da hantsi na sa tsohuwar riga, na ɗaura leda a hannu, na kira shi. Ya taho yana ɗari-ɗari. Da ya ji tsumma a bayansa sai ya tsaya cak, ya runtse ido, jelarsa ta fara kaɗawa. A tsammaninsa yau maigida ya tuna da shi. Har kwanciya ya yi ya buɗe mini ciki. Na cuɗa ko'ina, na koma gefe ina jin daɗin kaina, shi kuma ya shiga inuwa yana lasar ƙafafunsa.

Kafin azahar matata ta kwaɗa mini kira daga tsakar gida.

"Malam, zo ka ga karen nan! Me ka sa masa?"

Yawu ne ke dalala daga bakinsa, jikinsa na ɓari, in ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya faɗi. Ta ɗura masa manja, ta kwara masa ruwa da sabulu, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Ita ce ta ɗauko buhun taki ta shimfiɗa, ta ce, "In ba za ka kai shi ba, ni zan nemi mai babur."

Na naɗe shi a buhun, na ɗora a gabana kan tankin babur ɗina, na ja. Hanyar ta yi taɓo, ina tafe ina jin rawar jikinsa a cinyoyina, yawun da na yi shekara shida ina gudu ya jiƙa mini wando har gwiwa. Wallahi ban ko tuna da tsarki ba. Tsoro ne kawai ya cika ni, da haushin kaina.

Mun kusa Rano na ji rawar ta tsaya. Duk da haka na ƙarasa, ban san dalili ba. Likitan ya buɗe buhun, ya shinshina gashin, ya tambayi murfi nawa. Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da bakin buhun ya rufe, ya ce in wanke hannuna da kyau kafin in ci abinci.

Na ɗaure buhun a bayan babur na juyo, da niyyar in binne shi a gefen gonata. A Kibiya na tsaya sayen mai. Wani da muke salla tare ya matso muka gaisa, ya dubi buhun ya ce, "Malam, me aka samo?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Ɗan akuya ne ya mutu mini."

Ya girgiza kai, ya jajanta mini sosai, ya ce Allah ya mayar da alheri. Na ce amin. Na tayar da babur, na tafi da gawar karen a bayana, ina kuka kamar ƙaramin yaro.