Malam Cha'ibu da Muryar Inna Baiwa

Shekara da shekaru, kafin rana ta yi zafi Malam Cha'ibu ya riga ya buɗe shagonsa da ke bayan tashar mota ta Matameye. Yakan yaye zanen da ya lulluɓe ordinatocinsa biyu, kwamfutocin nan na tebur masu ƙaton akwati, ya warware wayoyi, ya rataye kowace a ƙusarta. Sai mutane su fara shigowa. Ga malamin lakwal, wato makarantar boko, da kile a hannu, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinata, yana so a juye masa darasi. Ga matar da mijinta ya aiko da ɗan katin ajiya na waya daga Kano, tana so ta ga hotonsa, ko ya rame. Cha'ibu ba ya goge abu daga inda ya fito sai ya buɗe shi a inda ya sauka, ya gani da idonsa. Masu gaggawa kan yi gunaguni, shi kuwa sai ya tura musu kujera.

Waɗanda suka san shi sosai daga shekarar fari suke fara ba da labarinsa, shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai. Rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, maza sun tsallaka Najeriya cin rani, gidaje sai mata da yara. A lokacin akwai ƙaramin gidan rediyo a garin, Hajiya Fadima ke riƙe da shi. Shirin da mata ke jira shi ne na Inna Baiwa, tsohuwar ungozoma, mai koyar da yadda ake dama kunu da ƙuli-ƙuli da garin zogale don yaron da ya rame, da alamomin da in uwa ta gani ta nufi likita ba jira. Mata na jin maganarta, don da yawansu a hannunta suka haihu. Farkon bazara Allah ya yi mata rasuwa, muryarta ta rage cikin ordinatan rediyo.

Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi, ordinatan ya yi hayaƙi ya mutu. Baƙon da ya kafa na'urorin kuwa ya bar ƙasar tun bayan juyin mulki. Hajiya Fadima ta ɗora akwatin a kan cinyarta bisa moto, wato babur, sai shagon Cha'ibu.

"Malam, Inna na cikin nan," in ji ta. "Ba mu ajiye ta ko'ina ba."

"Ban yi miki alkawari ba, Hajiya. Amma abin da ya ƙone daban, inda muryar take daban. Bari in buɗe."

Ya kwance akwatin, ya ciro diski, ɗan faifan ƙarfen da ke riƙe da duk abin da aka ajiye. Wayar diskin tsohon yayi ce mai faɗi, ba ta shiga sabon ordinatansa. Sai ya rufe shago, ya farke tsohon nasa, wanda da shi yake ciyar da gida a wannan shekara mai wuya, ya haɗa diskin a ciki. Da ya kunna, sai diskin ya fara ƙas-ƙas, yana zafi.

"Ba zai daɗe ba," in ji Cha'ibu. "Me za mu fara kwashewa?"

"Na yara, Malam. Sauran in Allah ya yarda."

Tana yi wa diskin fifita da maficin kaba, shi kuma yana juye darussan ɗaya bayan ɗaya. Sun gama na yara, sun soma waƙoƙin raino da Inna ta rera, diskin ya yi shiru, bai sake motsi ba. Waƙoƙin sun tafi ke nan, har yau Cha'ibu na jin zafin rashinsu. Ya jona lasifika, sai ga muryar tsohuwa ta cika shagon: "Ƴaƴana, yunwa ba abin kunya ba ce, kada ku ɓoye yaro a ɗaki." Hajiya Fadima ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ara wa rediyo sabon ordinatansa har kaka. Ya kuma zuba darussan a katunan waya, ya hau motonsa ya kai Dungu da Tsauni da Yauri, inda mata kan taru a zaure su saurara. Habsatu ta Tsauni ta ce ƙafafun ɗanta sun kumbura, ta ɗauka ƙiba ce, sai ta ji Inna na cewa a danna da yatsa, in wurin ya lotsa a tafi likita. Ta danna, ya lotsa. Yaron nan yau tela ne a Damagaram, ya fi uwarsa tsawo.

Malam Cha'ibu, kai ne ba a taɓa kiran sunanka a rediyon ba, kuma ba ka tambayi dalili ba. Kai ne mai haƙurin waya da waya, wanda aka ba shi amanar hotuna da muryoyin gari bai taɓa kai sirrin wani gidan wani ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka tsufa mai daɗi.

Bana idanunsa sun gaza, ya miƙa shagon ga ƴarsa Jamilatu, wadda ya koya wa aikin kaf bai rage komai ba. Matasanmu masu na'ura a hannu, ku yi koyi da shi: abin da mutane ke buƙata ku ajiye shi wuri biyu, ku kai shi inda za a ji, ku koya wa na baya. In kuma kun bi ta bayan tasha da la'asar, za ku same shi zaune a benci ƙofar shagon. Ku tsaya ku gaishe shi, ku faɗi sunanku da na gidanku. Ba zai ga fuskarku ba, amma zai tuna wa ya taɓa kawo masa hoton bikin uwayenku.