Dambun Gwaggo Hure da Agogon Soja

Duk wanda ya tashi a unguwar Gobarau ta Katsina a shekarun da kuɗin man fetur ya yi wa ƙasa ambaliya ya san Gwaggo Hure. In bai san fuskarta ba, ya san ƙamshin gidanta. Dambun nama take yi, sana'ar da ta gada wurin uwarta, da ita kuma ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Ba mace ce mai sauƙin kai ba, gaskiya. Takan mayar wa mahauci nama har sau biyu in ta ga kitse ya yi yawa, kuma ban taɓa jin ta yabi girkin wata ba. Amma akwai abin da ko maƙiyinta bai musa ba: dambunta ba ya lalacewa. Alhazai kan tafi da shi Makka guzuri, su dawo da ragowa a raba wa jikoki. Shekara talatin ba wanda ya kawo mata ƙorafi, wannan suna kuwa shi ne dukiyarta duka.

Da bazarar 1976 wata motar soja ta tsaya a bakin lungunsu. Wanda ya fito, Manjo Yahaya, soja ne a kaki amma masanin abinci ne, daga wani ɗakin binciken sojoji da ke Kaduna. Bayan doguwar gaisuwa a zaure ya yi mata bayani. Aikin sashensu shi ne samo abincin da soja zai sa a jaka ya yi wata uku a daji bai ɓaci ba. Naman gwangwanin da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje yana kumbura a zafin Arewa, sojoji kuma ba su yarda da yankansa ba. An ba su wata shida su nuna abin gida zai iya, in ba haka ba a rufe maganar. Sun kama gida a GRA don zafin Katsina ya gwada musu, suna so ta yi dambu a gabansu su rubuta.

Hure ta ce tun da take ba ta taɓa jin an rubuta dambu ba. Amma a ranta ta ji daɗi ƙwarai, don gwamnati guda ta tsallake masu dambun Kano da Zariya ta zo ƙofarta.

Kwana uku ta yi tana aiki a GRA. Akwai wani Malam Sule, akawun sashen, dattijo mai gilashi, wanda aka rataya wa agogo a wuya aka ba shi littafi. In ta ɗebi gishiri sai ya tare hannunta ya ɗora a sikeli. In ta zuba citta da kanumfari haka. Ta dafa nama ya yi ligif, ta daka a turmi, ta soya a man gyaɗa da wuta kaɗan-kaɗan tana juyawa, shi kuwa yana bin ta da agogo kamar mai jiran haihuwa. Da ya tambaye ta minti nawa suyar take ci, ta ce ita da kunne take ji, in mai ya daina surutu ruwa ya ƙare. Ya rubuta minti tamanin. Kullum wajen azahar take saukewa, ta baza a faifai, ta yi alwala. Malam Sule ma sai ya tsayar da agogonsa ya tafi masallaci, daga nan ya wuce cin abinci. Bayan la'asar ta zuba a gwangwani su rufe.

Aka kai littafin Kaduna, ma'aikata suka yi nasu dambun da takarda, gwangwani ɗari biyu, aka dawo da su GRA aka jere a ɗaki. Rana ta goma sha tara aka buɗe guda, sai funfuna fari fat. Aka buɗe goma, duk haka. Rahoto ya tafi sama cewa dambun Katsina bai ci jarrabawa ba.

Direban sashen ne ya yi maganar a wurin mai shayi, kafin sati ta zagaye Gobarau har Kambarawa: soja sun auna dambun Hure da na'ura, ya ruɓe. Alhaji Ɗantsoho, wanda shekara tara yana saya wa ayarin alhazansa a wurinta, ya aiko a ce bana kada ta wahalar da kanta. Wasu biyu suka bi bayansa. Hure ta ji zafin abin nan har cikin ƙashinta. Ba cinikin ne ya fi ci mata rai ba, sai yadda mata suka koma yi mata sannu a gidan suna kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Ba ta jira an kira ta ba. Ta yafa mayafi ta taka har GRA, ta samu Manjo Yahaya yana haɗa kaya. Ya fara ba ta haƙuri, ta ce ba haƙuri ya kawo ta ba, a karanta mata takardar tun daga yanka har rufi. Malam Sule ya gyara gilashi ya karanta tiryan-tiryan, tana gyaɗa kai, har ya zo ƙarshe: a soya minti tamanin, a sauke, a zuba a gwangwani, a rufe.

"Ina shanya?" in ji ta.

Suka dubi juna. Malam Sule ya ɗauko littafinsa na asali. A kowace rana, tsakanin ƙarfe biyu saura kwata da huɗu da kwata, ya rubuta abu ɗaya: ta tafi salla. Shugaban ɗakin binciken, wani Kanar da ya yi suna wajen ƙin ɓata lokaci, dokarsa ce duk mintin da ba aiki a ciki a cire shi. Da jan biro ya soke layin, ya rubuta a gefe cewa ma'aikata za su yi salla bi da bi, aiki ba zai tsaya ba.

"Malam Sule, kai hwa musulmi ne," in ji Hure. "Wace salla ta ka cin awa biyu da rabi? Dambun ne ka shan iska. Kun rufe shi da zahi, ya yi gumi cikin gwangwani, mi kuke so shi yi in bai yi funfuna ba?"

Manjo ya tambaye ta a hankali me ya sa ba ta faɗa musu ba. Ta ce ba wanda ya tambaye ta, kuma ko amaryar jiya ta san ba a rufe abinci da zafi. Ita ta ɗauka masu na'ura sun wuce nan. Ta nuna musu yadda take yi: ba ta zubawa sai ta ɗora bayan hannu a tsakiyar faifai ba ta ji ɗumi ba.

A nan ne na ga mutuncin Manjo Yahaya. An riga an rufe fayil, an ma fara maganar sabon odar gwangwani daga waje, don a shekarun nan sayowa ta fi gyarawa sauƙi. Sake buɗewa na nufin ya rubuta da hannunsa cewa kuskuren na ɗakin bincike ne, har da jan biron maigidansa. Ya rubuta. An ce Kanar ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwarsa ba, sannan ya ba shi kwana casa'in da gwangwani hamsin, ba ƙari. Hure kuwa ta kafa nata sharaɗin: in dambu ya yi kyau, ba a Kaduna za a faɗa ba, a Gobarau, inda aka ɓata ta.

Wannan karon ma'aikatan ne suka yi da hannunsu, tana zaune a kujera tana yi musu faɗa. Aka rufe, aka buga kwanan wata. Gwajin ya faɗa cikin damina, lokacin da ko takalmi funfuna yake yi. Hure ta yi azumin wannan shekara da abin a ranta, ba ta gaya wa kowa tana tsoro ba, amma tana yi.

Bayan ƙaramar salla, ranar wata Laraba da la'asar sakaliya, motar ta dawo. Manjo Yahaya bai shiga zaure ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zauna da kakinsa, mutanen da suka fito masallaci suka taru. Ya miƙa wa Alhaji Ɗantsoho gwangwani ya karanta kwanan watan da kansa, sannan ya fasa. Ƙamshin citta ya tashi. Alhaji ya yi bisimilla ya ci, ya ƙara, ya miƙa aka zagaya. Sai Manjo ya ɗaga murya ya ce wancan da ya ɓaci laifinsu ne, na Gwaggo bai taɓa ɓaci ba.

Hure tana tsaye bayan ƙyauren zaure tana jin komai. Ta yi kuka, ita da ko a rasuwar mijinta ba a ga hawayenta ba, ta share da bakin mayafi kafin kowa ya shigo.

Ban san iyakar inda aikin ya kai ba. Gwangwanin waje dai bai daina shigowa ba. Abin da na sani, da Manjo ya leƙo yin sallama, ba ta tambaye shi lada ko takardar yabo ba. Cewa ta yi a karanta mata wurin da aka soke. Ya buɗe sabuwar takardar ya karanta: a baza a faifai, kada a rufe sai bayan hannu bai ji ɗumi ba.

"To," in ji ta, "yanzu kun iya."