Hanyar Da Yaya Kulu Ta Ba Ni Har Illela

Assalamu alaikum jama'a. Abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma ga furfura ta gama cinye min kai, ban ga ribar da zan ci ba in na ƙaga ƙarya a kan wadda ta riga mu gidan gaskiya. Shekarun baya ne, tun hanyar Nijar tana da daɗin bi, lokacin na bar wa yara rumfata ta atamfa a kasuwar Sakkwato na koma Arkilla da zama, ba ni da aiki sai masallaci da jin rediyo.

Sai na fara gaya muku asalinmu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mahaifinmu falke ne, kanwa da dabino yake saukowa da su daga arewa a kan raƙuma. A wata tafiya ce, yana tare da iyalinsa, naƙuda ta kama mahaifiyarmu a bakin wata rijiya cikin sahara, ta haife ni, ba ta ko tashi daga wurin ba Allah ya karɓi abinsa. Nan aka binne ta. Yayata Kulu, lokacin tana yarinya ko ƙirgen dangi ba ta fara ba, ita ta goya ni daga can har Sakkwato, tana ɗiga min nonon raƙuma da yatsa. Ban san wata uwa ba sai ita. Har na yi jikoki ba ta taɓa kirana da sunana ba, Auta take ce min, ko a gaban surukaina ne kuwa.

Wannan rijiya yanzu tana cikin gandun dajin Gadabeji, can gaba da Dakoro, inda gwamnati ta keɓe don barewa da sauran namun daji. Tun ina da ƙarfina Yaya Kulu take roƙona in kai ta ta ga kushewar Inna ko sau ɗaya ne. Ni kuwa kullum da dalilina, bana kasuwa ba ta yi ba, baɗi in Allah ya kai mu, a bari a sha ruwa, a bari a sauko daga Hajji. Haka dai har ɓarin jikinta na hagu ya shanye, idonta ya dushe, ta koma kwance a ɗakin 'yarta Balkisu a Kwalkwalawa.

To sai ga babban ɗana Nasiru ya zo hutu daga Abuja da wata shawara. Ya ce zuri'a ta watse, jikoki ba su san juna ba sai a waya, me zai hana a haɗu gaba ɗaya a je gandun nan, yara su ga sahara da namun daji, manya su yi wa kakarsu addu'a, dangin Inna na Abalak su ma su gangaro a haɗu a can. Kai, ranar na ji daɗi! Kafin a ce haka gidana ya koma kamar tasha. Mata na ta dakan dakuwa da suyar nama, ana gardamar wa zai shiga motar wa, wannan ta ce ba ta zama kusa da wance don tana amai a mota, wancan ya ce in ba a je da shi ba shi ma ɗansa ba ya zuwa. Nasiru ya nemo katin shiga Nijar, ya yi magana da wani jagora da ya san dajin, aka sayi jarkokin ruwa har suka tare ƙofar gareji.

Ana cikin haka matata ta ce, “Alhaji, Gwaggon yara fa?”

Nasiru ya ce likita ya riga ya faɗa, ko Wamakko aka ce za a kai ta sai an yi tunani, balle sahara. Gaskiya ya faɗa. Sai dai abin da ya biyo baya daga bakina ya fito, ba daga bakin kowa ba. Na ce to kada wanda ya gaya mata, in ta ji hankalinta zai tashi, a bari in mun dawo mu kawo mata labari da tsaraba. Kowa ya ce haka ya fi. Kun san halinmu, mara lafiya ɓoye masa komai muke yi mu ce tausayi ne. Aka ja wa yara kunne, aka roƙi Balkisu ta haƙura da tafiyar ta zauna da uwarta, ta share hawaye ta ce to.

Saura abu ɗaya. A gidanmu, tun zamanin fatauci, ba mai yin tafiya sai ya je wurin wanda ya fi kowa girma a gidan ya durƙusa ya faɗi inda za shi, shi kuma ya ce na ba ka hanya zuwa wuri kaza, ka je lafiya ka dawo lafiya. Karɓar hanya muke ce masa. Ba tsafi ba ne, addu'a ce da neman albarka, amma ko Gusau za ni ban taɓa tsallake shi ba. Kuma babba a lokacin ita ce.

Ana gobe tafiya da hantsi na hau keke Napep na je Kwalkwalawa. Na same ta an jingina ta da filo, Balkisu tana ba ta kunu. Tun kafin in yi sallama ta ce, “Auta ne, na ji jan takalminai. Tsoho da kai ba ka iya ɗaga ƙahwa ba.”

Muka gaisa, na durƙusa, na ce hanya na zo karɓa.

“Ina za ka?”

“Illela, Yaya. Gaisuwar rasuwa, wani abokin kasuwa ne.”

“Wane? Abokanka na Illela dut na san su.”

Na kama sunan wani na faɗa. Ta juyo da fuskarta wajena, idanun nan farare kamar suna ganina. Balkisu ta tashi ta fita da kofin kunu.

“Ƙamshin dakuwa nika ji ga rigarka,” in ji ta. “Yanzu da dakuwa aka zuwa gaisuwa?”

Na yi 'yar dariya, na ce jikoki ne suka shafa min. Sai ta ɗora hannunta mai lafiya a kaina ta ce, “To. Illela kac ce. Na ba ka hanya har Illela.” Ta janye hannun. Ba ta ƙara da ka je lafiya ka dawo lafiya ba, na tsaya ina jira, ta ce a gyara mata filo barci take ji. Wallahi da na fito na tsaya bakin titi ina cewa in koma in faɗa mata gaskiya, sai ga mai keke ya tsaya, na shiga.

Muka tashi da motoci biyu. Har Illela lafiya lau, yara na waƙa. Muna tsallakawa Ƙonni taya ta fashe, gaba kaɗan ɗaya motar ta fara zafi, jaririn Nasiru ya kama kuka ba dalili. Ban ce wa kowa komai ba. Muka kwana Dakoro, dangin Abalak suka same mu can, aka yi ta koke-koke da rungume-rungume, tsohuwarsu tana ta tambaya ina Kulu, ina Kulu, na ce tana gaishe ku.

Da safe jagora ya shige gaba, wani dattijon Buzu ne mai naɗi, ba ya da yawan magana. Yara sun ga barewa sun yi ta ihu. Amma da aka zo maganar rijiya sai ya ce matattun rijiyoyi a dajin nan suna da yawa, wacce muke nufi? Sai a lokacin na gane wautata. Ni da aka haifa a wurin ban san komai ba sai abin da Yaya ta sha faɗa min, akwai aduwa, akwai duwatsu. Wadda ta san wurin na baro ta a kan katifa. Muka yi ta zagaye, ya kai mu nan ya kai mu can, rana ta take, waya ba sabis, yara sun yi laushi, sai motar gaba ta nutse cikin rairayi. Jagoran ya ce a fito da ita mu juya, ya ishe mu haka.

Ana cikin tura mota matar Nasiru ta ce, “Baba, waccan matar fa?”

Na ɗaga kai. Can kan wani tudun yashi ga mace tsaye, da baƙin zane irin na saƙi na mutanen da, ta yi ɗamara da majanyi kamar mai goyo, amma bayan nata ba kowa. Ta juya mana baya ta fara tafiya, ta ɗan tsaya, ta ci gaba. Ba ni kaɗai na gan ta ba, jama'a, manya da yara duk mun gan ta. Jagoran ya kare ido da hannu ya daɗe yana kallo, ya ce babu ruga kusa da nan, kuma ko makiyayi ba ya taka yashin nan da tsakar rana. Ya ce shi dai ba ya zuwa.

Ni ban san lokacin da na kama bin ta ba. Nasiru ya biyo ni yana Baba ka dawo, wasu daga cikin dangi suka biyo shi. Mu yi sauri, tazarar tana nan, mu rage, tana nan. Na ƙwala sallama ba ta waiwayo ba. Da muka hau tudun na duba ƙasa sai na ga sawu, ƙafa ce ba takalmi, ta dama ta fito sosai, ta hagu kuwa ja aka yi, layi ne kawai a kan yashi. Innalillahi.

Ta gangara wani kwari, ta tsaya gindin wata tsohuwar aduwa, ta dafa ta da hannu ɗaya kamar mai hutawa, sannan ta zagaya bayanta. Da muka isa ba kowa. Itace ne guda a fili, ba inda ko akuya za ta ɓuya. Sawun ya zo gindinsa ya ƙare. Gefe ga bakin rijiya ya rufta, gaba kaɗan ga duwatsu jere, yashi ya kusa rufe su. Tsohuwar Abalak ta iso ana riƙe da ita, ta duba, ta zube ƙasa ta ce nan ne, nan ne aka sa ta. Na durƙusa gaban uwar da ban taɓa gani ba, na buɗe baki in yi addu'a, ba abin da ke fita sai Yaya, Yaya.

Sai da muka dawo Dakoro waya ta kama. Ta Nasiru ce ta fara ƙara. Na ga ya juya min baya ya cire hula, ban tambaye shi ba, na riga na sani. Bayan la'asar Yaya Kulu ta cika. Kafin mu iso Sakkwato an riga an kai ta, ko sallarta ban samu ba.

Bayan an share makoki Balkisu ta same ni ni kaɗai. Ta ce, “Kawu, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.” Ta ce ranar da muke neman rijiyar, wajen azahar, uwarta ta farka a firgice ta ce Auta ya ɓace, a ɗauko mata baƙin zanenta na cikin adaka, a ɗaura mata majanyi. Ta yi mata don a zauna lafiya. Sai ta rufe ido, ƙafafunta suka fara motsi a ƙarƙashin mayafi kamar mai tafiya, har ta hagun da ta shekara da shekaru ba ta motsa ba. Gumi ya jiƙa katifa. Tana ta cewa ku biyo ni, ku bar tsayawa. Can ta ce to ga aduwa nan, ta sauke numfashi, ta nemi ruwa ta sha da yawa.

Na ce, “Ke kika gaya mata inda muka tafi?”

Ta rantse da Allah ba ta faɗa ba.

“Ba ta bar min saƙo ba? Ba ta ce ta yafe min ba?”

Balkisu ta sunkuyar da kai. Ta ce abu ɗaya kawai ta faɗa, bayan ta sha ruwan. Ta ce, “Wanga yaro, tun shina ƙarami bai iya ƙarya ba.” Ta yi 'yar dariya, daga nan ba ta sake magana ba.

Har yau ban san ko yafiya ce wannan ko ba yafiya ba ce. Na kai maganar wurin wani malami da nake ɗaukar karatu gare shi, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ne masani, in yawaita mata addu'a da sadaka, kada in tsananta bincike. Ina yi. Amma matar da ta yi mata wanka, dattijuwa ce maƙwabciyarsu wadda ba ta san komai game da tafiyarmu ba, ita ta tare ni a ƙofar gida tana faɗa, wai wane marar imani ne ya bar mara lafiya ta taka wuta. Ta ce tafin ƙafafun duka biyu sun yi bororo, sun saɓule, kuma sai da ta sa tsinke ta fitar da jan yashi daga tsakanin yatsun.

Ni dai ban da ilimin da zan fassara muku wannan. Abin da zan roƙe ku, in kuna da tsoho kwance a ɗaki, kuna shirin wani abu da ya shafe shi, ku je ku durƙusa ku faɗa masa gaskiya. In ba zai iya zuwa ba ku ce masa ba zai iya ba, ya yi fushi, ya yi kuka, ku zauna ku lallashe shi. Kada ku yanke masa hukunci a falo ku ce tausayi ne. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Kulu a addu'a, ni ma ya sa ni.