Gado da Katantanwar Dutse

Duk Badarawa ba wanda bai san Gado mai haƙar rijiya ba. Gajere ne, ga faɗin kafaɗa, ga taurin kai na bala'i. Shekara ashirin yana tafiya cin rani can yamma da Shinkafi, wajen ƙasar Sakkwato, yana haƙa wa mutane rijiya. Maza in sun dawo su kawo wa iyali atamfa, shi kuwa sai ya dawo da aljihu cike da katantanwa. Ba irin ta fadama ba fa, a'a, irin wadda ta riga ta zama dutse, wadda yake tonowa gaba goma ƙarƙashin ƙasa.

Gwangwanin madara uku ya ware musu. Kumburarru masu santsin baya nasu daban. Dogaye masu tsini, murɗaɗɗu kamar igiya, daban. Sai masu layi-layi a gadon baya kamar tsagar fuska, su ya fi so. In ya ɗauki ɗaya sai ya ƙirga murɗarta da farce, ya leƙa bakinta ko mai faɗi ne ko matsattse. Wani malamin makaranta daga Kaura da ya gani ya ce masa ai na teku ne, da can ruwa ya rufe wuraren. Gado ya ce shi ma ya yi zato, don bai taɓa ganin katantanwar da ta haƙa rami gaba goma ta binne kanta ba.

To, bana aka tashi haƙa rijiyar masallaci, kuma kowa ya san aikin na Gado ne. Sai ga Idi, wani mai haƙa wanda rijiyarsa ba ta kaiwa damina biyu take ruftawa, ya shiga yawo da magana wai Gado tsafi yake da duwatsun nan, wai su ke nuna masa ruwa. Zance ya kai kunnen liman. Liman ya aiko cewa ko ya zubar da su, ko a ba wani aikin.

Matarsa Yalwa ta ce ya zubar mana, ai ba hatsi ba ne. Ko kallonta bai yi ba. Ana sallame la'asar ya shimfiɗa buhu a ƙofar masallaci, ya juye gwangwanayen gaban kowa, kashi uku.

"Allah gafarta Malam, ga tsafin nan, ku duba. Halittar Allah ce, ni ware su kawai nikai, kowace da danginta. Ba ni zubar da ko guda."

Mutane suka yi cirko-cirko. Liman ya tsuguna, ya ɗauki wata doguwa, ya jujjuya, leɓensa na motsi.

"Malam Gado, wagga murɗa bakwai gare ta. Mi ya kai ta cikin masu biyar?"

Gado ya karɓe abarsa. Ya ce ba murɗa kaɗai ake dubawa ba, wannan tsohuwa ce ta fi su girma, a dubi bakinta da layin bayanta, ai uwa ɗaya uba ɗaya suke. Liman ya ce bai yarda ba, a kawo wata a gwada. Haka suka duƙufa, dattawa biyu kan buhu, har ladan ya fara gyaran murya. Idi dai tuni ya sulale.

Da liman ya miƙe yana kaɗe rigarsa, ya ce Gado ya zo ran Asabar da digarsa. Gado na mai da katantanwarsa gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai zo, amma a sani tun yanzu, in ya tono wata cikin rijiyar masallaci, gida zai kai ta.