Yadda Na Sa Yafendo Ta Amsa Sunan Mamaciya

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana a buga labarin kawai, don na gaji da riƙe shi a cikina ni kaɗai.

A lokacin da abin ya faru ni mace ce mai ji da kanta. Ina soya ƙuli-ƙuli ina matsar man gyaɗa a Gwaram, ranar kasuwa kuwa babu wadda ta fi ni baki. Na gama firamare har na ɗan taɓa sakandare, shi ya sa matan layinmu duk ni suke kawo wa waya in karanta musu saƙo, ina karantawa ina hura hanci. Mijina ya rasu ya bar min yara huɗu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana ƙauyenmu a Maruta, kuma sunanta yana cikin tsofaffin da gwamnati ke ba tallafi. Wayar da saƙon kuɗin ke shigowa a hannuna take, ni nake cirowa in yi mata cefane, abin da ya ragu ya shiga tukunyata da saninta. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta kira ni sai dai ta ce ke wannan, tana kallon gefe.

Inna ta rasu cikin damina bayan zazzaɓin kwana uku. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, ban je na sanar da masu tallafi ba. Saƙo ya ci gaba da shigowa da sunanta, ni kuma ina ce wa zuciyata ai marayu ne ke ci. Ana haka sai aka yi sanarwa cewa duk mai karɓar tallafi ya je da ƙafarsa ya sabunta asusunsa a banki, a haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa, wanda bai je ba a cire shi. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta yi katin ba, ba ta son a ɗauki hotonta. Da ina da hankali, a nan zan tsaya. Amma sai na tuna da Yafendo.

Yafendo ƙanwar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kamarsu ɗaya har tsagar fuska, baƙo ba ya bambance su. A hali ne suka rabu. Inna shiru-shiru ce, Yafendo kuwa akwai barkwanci, in ta tuntsire da dariya har maƙwabta sai sun ji. Sunana take kira gatsau tun daga bakin zaure, tana tsokanata wai ƙulina na karya haƙoran mutane. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana ɗakinta ita kaɗai a gidan da suka tashi, kusa da ɗakin Inna. Ita ma ba ta da kati. Da aka raba kayan Inna, ita aka ba zannuwa da mayafin. Da na kai mata maganar, dariyar nan tata ta ɗauke. Ta ce jikinta bai ba ta ba, ta ce 'yar uwarta na kwance a makwancinta, ita ba za ta je ta tsaya a gaban mutane tana amsa sunanta ba. Kwana uku ina kanta. Na yi kuka, na kawo mata zancen yarana, na rantse mata da Inna za ta iya magana da ta ce a yi. Wallahi na san inda take da rauni, can na danna. Ta yarda ne don tana sona, ba don komai ba.

Ranar tafiya ni na ɗaura mata zanen Inna, na yafa mata mayafinta, muka hau acaɓa zuwa Gwaram, muka shiga bas ɗin Birnin Kudu. A hanya na riƙa koya mata abin da za ta faɗa. Ni da ban taɓa kama sunan mahaifiyata da bakina ba, ranar nan na faɗe shi ya fi a ƙirga, ina raɗa mata a kunne tana maimaitawa. Na ce in an tambaye ta 'ya'yanta nawa ta ce shida, biyu sun rasu. Na ce kar ta yi dariya, kar ta yi wa kowa barkwanci, ta sunkuyar da kai kamar yadda Inna ke yi. Kafin mu shiga gari na kira ta Yafendo sau biyu ba ta waiwayo ba. Na ji daɗi har a raina, na ce lallai ta haddace.

A wurin yin kati muka bi layi har rana ta take. Da ma'aikacin ya ɗaga murya ya kira sunan Inna, sai na ji an ce na'am a gefena, ƙasa-ƙasa, da ɗan gyaran muryar nan da Inna ke yi kafin ta amsa kira. Ban koya mata wannan ba. Na juya a firgice, sai na ga Yafendo ce ta miƙe tana dafa gwiwar hagu, gwiwar da ke damun Inna. Aka ɗauki yatsunta goma, aka zaunar da ita gaban na'ura. Da hoton ya fito a fuskar kwamfutar, innalillahi, Inna ce ke kallona. Na kau da kai na ce gajiya ce da yunwa. Bayan mako guda muka koma muka karɓi lamba, muka wuce banki, aka cike fom ta dangwala, aka ce asusu ya gyaru. Na sayo mata tsire da lemo, ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, muka kamo hanyar gida.

Da kuɗi suka shigo na ɗauki rabon Yafendo na nufi Maruta. Na tarar ɗakinta a rufe. Ɗakin Inna, wanda muka kulle tun ranar arba'in, shi ne a buɗe, an share shi tas, tana zaune a ƙofa a kan tabarmar Inna tana tsince wake. Ta ɗago ta kalli gefe, ta ce ke wannan, sai yanzu. Na yi dariyar dole, na ce mata ai wasa ya ƙare, an gama da banki. Ko murmushi ba ta yi ba. Sai ta shiga yi min faɗa a hankali kan me zan bar akuyarta a gidan maƙwabta, akuyar Inna da aka sayar aka yi sadakar bakwai da kuɗinta. Matan gidan suka ja ni gefe suka ce tun ranar da muka dawo haka take, in an ce Yafendo ba ta amsawa, kuma babu wanda ya sake jin dariyarta. Wata a cikinsu ta ce ita ta daina ratsawa ta ƙofar ɗakin.

Na kai ta wurin malami aka yi mata addu'a aka ba da rubutu. Na kai ta asibiti, likita ya ce gigin tsufa ne, mai yiwuwa ya daɗe da farawa ba mu lura ba. Ni Musulma ce, na san wanda ya mutu ba ya dawowa, ba kuma cewa nake fatalwa ce ko aljani ba. Amma na san matar da na shiga bas da ita, kuma na san ba ita na sauko da ita ba.

Asirina ya tonu ne da aka zo ƙauyen ana rubuta sababbin tsofaffi marasa gata. Mai unguwa da kansa ya sa sunan Yafendo, don in ana neman mai buƙata ita ce ta farko. Aka kawo ta gindin bishiya ta ɗora yatsa a na'ura, sai ga sunan Inna ya fito, a gaban mutanen da suka ɗauki makararta. Ba a rubuta ta ba, don a takarda babu wata mace mai sunanta, akwai yayarta ce kawai, kuma tana karɓa. Mai unguwa ya aika aka kira ni, na durƙusa na faɗi komai. Bai zage ni ba, da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi in je in mayar wa baiwar Allah sunanta.

Na karɓi takardar shaida daga wurinsa, na ɗauki Yafendo muka koma Birnin Kudu. Na faɗi gaskiya a banki aka tsayar da asusun. A wurin kati wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ana iya bin hanyar gyara, da rantsuwar kotu da shaidu, amma kafin komai sai mai jikin ta faɗi sunanta da bakinta. Ya juya ya gaishe ta cikin ladabi, ya tambaye ta. Ta yi gyaran murya ta faɗi sunan Inna. Ya sake tambaya, ta sake faɗa, ta ƙara da cewa 'ya'yanta shida, biyu sun rasu, ga babbar nan, ta nuna ni da haɓa. Na zube na riƙe ƙafafunta ina kuka, ina kiran sunanta na yanka, ina tuna mata mijinta da tsokanar da take min. Ta dubi mutumin ta ba shi haƙuri, ta ce ya yi min uzuri, tun da mijina ya rasu ba na cikin hayyacina. Ya rufe fayil ɗin a hankali ya ce in ta samu sauƙi mu dawo.

Ba ta samu ba. Yanzu tana wurina a Gwaram, ni nake mata wanka nake ba ta abinci. Tallafin ya tsaya, kuma wallahi ko tunawa da shi ba na yi. Abin da na koya shi ne na ɗauki suna abin aro, alhali shi kaɗai ne abin da wannan tsohuwa ta mallaka. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, ba ta da miji, na zo na raba ta da shi don ta ƙaunace ni. Ina kira ga duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta rasu tana karɓar tallafi, don Allah ya je ya sanar, ya nemi nasa da sunansa in ya cancanta. Kar ka ɗauki tsohon da ke jin kunyarka ka kai shi gaban na'ura da sunan wani, don yatsun da ya ɗora ba ya ɗauke su. Kuma ku masu karanta wa iyaye saƙo, ku ji tsoron Allah, amana ce a hannunku.

Ku taya ni da addu'a. Duk ranar kasuwa in na sauke suya sai ta sa na ware ƙuli masu taushi a kwano na rufe, wai na ƙanwarta ne. Ta zauna tana kallon ƙofa har la'asar, sannan ta tambaye ni ko faɗa muka yi, don ƙanwar tata ba ta saba daɗewa haka ba ta leƙo ta ba. Sai in ce tana hanya. Har yau ban sami bakin gaya mata inda na kai ta ba.