Ranar da na lashi jakar Marroquín

Shekarun baya, a shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ni da ilimina na aji huɗun firamare na warware wa wani Bature tarihin gidansu. Ku daina dariya. Aji huɗu na wancan zamani ya fi digirin wasunku.

Amma bari in fara da abin kunyar. Ni ɗan majema ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a bakin ramin jima ya tsufa, hannunsa bai taɓa rabuwa da launin bagaruwa ba. In na shiga aji yara sai su toshe hanci. Abin da ya raba ni da boko ke nan, ba lissafi ba, kamar yadda maƙiya ke yaɗawa. Da Allah ya buɗa mini na fara fatauci, sai na binne asalin nan. Duk wanda ya tambaya in ce mahaifina ɗan kasuwar yadi ne.

Cikin waɗanda na shara wa wannan ƙarya har da abokina, wani Alhaji mutumin Maraɗi da muke sauka masauki ɗaya a Guangzhou. Ɗana na fari yana neman auren ɗiyarsa. An kai gaisuwa, wata uku shiru, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. In na taɓo zancen sai ya ce, "Elhaji, sannu ba ta hana zuwa." Ni kuwa na san asali ake bincikawa.

Lokacin biza ta yi tsada kamar ruwa a Sahara. 'Yan sanda na duba fasfo a kowace kwana, kowane shago kuma talabijin na nuna masu tsunduma cikin ruwa ana tafa musu. Wata rana da hantsi muka shiga kasuwar fata ta Baiyun a nan Guangzhou, zan sari jakunkunan roba da aka yi wa shigar fata. Ɗan majema da sarin roba. Allah dai ya yafe mana.

A wani shago muka tarar da Bature dogo mai furfura, riƙe da 'yar tsohuwar jaka ja, ba ta fi tafin hannu ba. Yana nuna wa mai shagon, shi kuma lauban, haka suke kiran mai shago, sai girgiza kai yake: "Meyo, meyo." Wato babu. Abokina, da zance ba ya wuce shi, ya jefa masa Faransanci. Ashe mutumin Sifaniya ne, amma yana ɗan ji. Kafin ka ce kwabo mun zauna a kan kujeru, matar lauban ta zuba mana shayi a kofunan nan nasu da ba su cika bakin tsuntsu ba.

Baturen ya ba mu katinsa. Na karanta da kaina, don kada a raina ni, na ga sunaye har uku a jere. Na ce wa abokina, "Tambaye shi, shi kaɗai ne da wannan kaya?"

Abokina ya fassara, Bature ya yi dariya ya yi bayani. A ƙasarsu kowa sunan gida biyu gare shi, na uba a gaba, na uwa a baya. Ya ɗora yatsa kan na ƙarshen: Marroquín. Wannan na mahaifiyarsa ne. Ya ce a ƙasarsu sai ka daɗe ba ka gamu da mai shi ba, masu sunan sun fi yawa a can ƙetaren teku, ƙasashen Amurka masu jin yarensu. Ma'anarsa mutumin Maroko. Wai wani kakan kakanninsu ne ya yi shekaru a can, da ya dawo gida sai maƙwabta suka laƙaba masa, laƙabi ya bi jini. Na ce to, wannan ai irin namu ne, wanda ya je Gwanja sau ɗaya har jikokinsa Na-Gwanja.

Sai muryarsa ta sauka. Ya ce 'ya'yansa mata biyu sun ɗauki sunan ubansa da na uban matarsa, na mahaifiyarsa a kansa zai tsaya. Jakar nan kuma ta kakarsa ce, da irin jar fatar da Turawa ke kira fatar Maroko aka yi ta, kusan sunanta ɗaya da nasu. Yana so ya sami irinta a ɗinka wa yaran, ko ba su ɗauki sunan ba su riƙe wani abu nasa. Ya je Maroko bai dace ba, aka ce masa China ba abin da babu.

Ya miƙo mini jakar don ladabi kawai. Ai kuwa tana taɓa hannuna na ji kamar an kira ni da sunan yarinta. Laushinta, ƙananan idanun fatar, jan nan mai duhu na karan dafi. Na kai hanci. Can ƙasa-ƙasa, bayan ƙanshin turaren tsofaffin Turawa, ga bagaruwa tana gaishe ni.

Na dubi abokina, yana kurɓar shayi yana kallona. In na yi magana na tona kaina, auren ɗana ya bi ruwa. In na yi shiru, ga bawan Allah ya ƙetaro duniya yana jimamin sunan da zai mutu, ni kuma nawa da ransa na binne shi.

Ban san lokacin da na lashi jakar ba. Haka mahaifina ke yi, bauri ba ya ƙarya. Ku hango Alhaji da babbar riga, a tsakiyar China, yana lasar kayan gadon Bature. Matar lauban ta saki ƙara. Abokina ya ce, "Subhanallahi! Elhaji, yunwa ka kai ji?"

Na ce, "Gaya masa fatar nan Maroko hanya ce kawai ta bi. Fatar jar akuya ce. An cire gashin da toka, an tausasa ta da kashin tattabara, ta kwana cikin bagaruwa, aka shafe ta da mai, aka rine da karan dafi. Raƙuma suka haura da ita Sahara, Turawa suka saya a hannun mutanen Maroko suka ba su sunan. Aikin ƙasar Hausa ne."

Abokina bai fassara ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Ɗan mai yadi, ina ka san kashin tattabara?"

Na ce, "Ni na riƙa kwaso wa ubana shi. Majemi ne, ubansa ma majemi. Ban taɓa gadon ko ƙyalle ba."

Sai abokina ya juya ga Bature ya kama zuba Faransanci, hannu na tashi sama, yana nuna ni yana dukan ƙirji. Abin da na faɗa a numfashi uku ya kai shi kusan rabin sa'a, ban san me ya ƙara ba. Bature ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauki alkawarin aika masa fata biyu daga gidanmu.

Da muka fito, ban iya haɗa ido da abokina ba. Shi ya fara magana.

"Tun satin hwarko ƙanena ya tahi Kano ya gano gidanku. Har ramin jimar ya gani."

Na tsaya cak. "To wata ukun nan fa?"

"Bakinka nike jira. Wari ba ya hana ni ba da ɗiya, Elhaji. Amma wanda ya iya ɓoye ubansa, mi zai hana shi ɓoye mini halin ɗansa?" Ya gyara hula. "Kuma ka gyara zancenka. Jar akuya ta Maraɗi ce, ku jima kawai kuka iya."

Na ce ta Sakkwato ce. Ya ce ta Maraɗi. Muka yi ta yi har bakin jirgin ƙasa, Sinawa na kauce mana. A ƙarshe ya ce, "To akuya tamu, jima taku. Tun kakanni ake wannan aure, ni wa ne da zan raba? Ku turo magabata."

Da na koma Kano na shiga unguwarmu da rana tsaka, ban toshe hanci ba. Ƙanin mahaifina ya zaɓo fata biyu da hannunsa, aka aika. Bayan watanni hoto ya zo: 'yan mata biyu, kowace da jar jaka, an buga sunan kakarsu a jiki.

Yau jikokina huɗu daga auren nan. Katin shagona kuwa na sake shi tun a shekarar, na ƙara kalma ɗaya a bayan sunana, da manyan baƙaƙe: MAJEMI. Bature yana da sunan gida biyu yana kukan ɗaya zai ɓace, ni ɗaya tak Allah ya ba ni, kuma sai da na je China na lasa kafin na gane ɗanɗanonsa. Masu digiri, wannan ba ya cikin littafinku.