Mai jirgin da ya kawo ni

Na ci sukolashif ɗin fa, jama'a! Na ci, da shi na ƙare jami'a, ranar da sunana ya fito a allo har tsalle na yi gaban mutane. Amma wallahi in na tuna yadda aka yi na ci shi, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na rufe fuska.

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, ina aji ɗaya a jami'a. Sai aka ce duk ɗalibin da ke son tallafin karatu ya sake cika fom, kwamiti zai zo Yelwa ya tantance 'yan ƙasar Yawuri na gaskiya. Ni kuwa in ban samu ba, aji biyu sai dai in ji labarinsa a bakin wasu. Babana masunci ne, ƙauyenmu na tsallaken ruwa, kuma shekarar nan komar kamun kifinsa ba ta kawo abin kirki ba.

To ni lokacin ɗan gaye ne na bugawa a jarida. Wandon jins guda ɗaya tal, tabarau na aro, turare kamar na faɗa kwalba. Tun sakandare yara ke tsokanata wai ƙarnin kifi nake, shi ya sa da na shiga jami'a na sauya labari: babana ɗan kasuwa ne a Yelwa. Na faɗa har na fara yarda da kaina. Da fom ya zo hannuna, wurin garin haihuwa na rubuta Yelwa, wurin sana'ar uba na rubuta kasuwanci.

Ranar intabiyu Baba da kansa ya tuƙo ni a jirginsa. Da muka iso bakin ruwa na ce ya koma, ya ce a'a, sai ya ga abin da aka ce da ni. Haka ya biyo ni har sakatariya, da malafarsa, da rigarsa mai faci, ya rungumo ƙunshin banda da Inna ta ba shi. Ina gaba ina sauri, yana baya.

Muna shiga na yi kiciɓis da wani abokina na jami'a, ɗan ma'aikaci, ya ɗau wanka. Muka tafa. Sai ya leƙa bayana.

"Wanga tsoho fa? Tare kuke?"

Na ce, "A'a, mai jirgin da ya kawo ni ne."

Tsakanina da Baba bai fi taku uku ba. Ya wuce gindin mangwaro ya zauna, ya ɗora ƙunshin a cinya.

Aka kira ni ciki. Mutum biyar a tebur, ciyaman a tsakiya, can gefe wani dattijo wakilin hakimi yana jan carbi. Ciyaman ya buɗe tsohon fayil ɗina da aka kawo daga Sakkwato, ya ajiye sabon fom kusa da shi.

"Nan an ce ƙauye, nan an ce Yelwa. Nan masunci, nan ɗan kasuwa. Wanne ne kai a ciki?"

Na gyara tabarau na kama zuba Turanci. Dattijon nan ya ɗaga hannu.

"Aje Turancin nan, yaro. Yelwa gidan wa?"

"Kusa da masallaci, ranka ya daɗe."

"Wane masallaci? Wa ke liman?"

Zufa ta karyo min, turare ya bi ruwa. Ashe aikin dattijon ke nan a kwamitin, ya san gida gida, uba da kaka. Ya ce, "Mu nan ba takarda muka sani ba. Ɗan wa kake, shi ke nan tambaya."

Ina kallo ciyaman ya ɗora fayil ɗina kan na waɗanda ake zargin ba 'yan jiha ba ne. Ya ce in akwai wanda zai tsaya min yanzu in kawo shi, in babu a kira na gaba.

Jama'a, daga ƙofar ofishin nan zuwa gindin mangwaro ba nisa, amma ban taɓa doguwar tafiya irinta ba. Ɗalibai na layi, abokina na kallo. Na durƙusa.

"Baba, ana kiranka ciki."

Ya dube ni. "Ni? Mai jirgi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bai ƙara ba, ya tashi ya karkaɗe riga.

Yana sallama dattijon nan ya saki carbi, ya washe baki, suka hau gaisawa da yarenmu na Gunganci. Ashe Baba ya sha ƙetarar da shi in ya fita rangadi. Sai dattijon ya nuna ni da haɓa.

"Wanga ɗan tabarau naka ne?"

Baba ya juyo ya kalle ni. Na san in ya rama, bai zalunce ni ba. Sai ya ce, "Shekara shida ina ƙetarar da shi firamare kullum safe, in ɗauko shi da azahar. Ruwa ko iska ban taɓa fashi ba. Wane mai jirgi ka yi ma ɗan wani haka?"

Ciyaman ya ciro fayil ɗina daga inda ya sa shi, ya miƙo min sabon fom. Ya ce in cika a gaban babana, ina karantawa.

"Sana'ar uba?"

"Su."

"Ba mu ji ba."

"Masunci ne, ranka ya daɗe."

Da muka fito, Baba ya je har wurin abokina ya miƙa masa ƙunshin bandar. "Ungo ɗana, innarku ta ce ku ci." Abokina ya karɓa hannu biyu, ya russuna. Sai da Baba ya juya ya raɗa min, "Kai dai banza ne wallahi." Kuma ya cinye kifin, ko kai bai rage min ba.

A bakin ruwa Baba ya miƙo min filafili, ya koma gaba ya zauna ya rufe fuska da malafa. Ni na tuƙa mu har gida, da jins ɗina da komai. Bai gaya wa Inna ba. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar da maganar nan ba, ni kuma kullum ina cewa gobe zan roƙe shi gafara. Goben ba ta zo ba. Da zagina ya yi, ina jin da tuni na warke.

Yanzu duk fom ɗin da ya tambayi sunan uba, da manyan baƙi nake rubutawa, amma ba ya nan balle ya gani.

Na ga yara na ta cika fom ɗin sukolashif kwanakin nan. Don Allah ku tura musu wannan kafin su kai layin sana'ar uba. Kuma duk wanda ya karanta, ya yi wa mai jirgin da ya kawo ni addu'a.